Mangwaro Tara a Gonar Aro

Ni mutum ne mai saurin hawa, ban taɓa ɓoye wannan ba. Matata takan ce da za a riƙa ba ni minti biyar tsakanin jin magana da mayar da ita, da rabin rigingimun da na yi a duniya ban yi su ba. Gaskiyarta ce. A labarin nan ma minti biyar ɗin ne ban samu ba, ko in ce ban nema ba.

Akwai wani abokina da muka tashi tare a Wudil, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Bahago ne. Malaman firamare sun bugi hannun nan nasa har suka gaji, bai sauya ba, bai kuma taɓa kai ƙara gida ba. Ni ne mai baki, shi ne mai hannu. In na jawo mana faɗa da yaran wata unguwa, shi yake tsayawa a yi, ni kuwa sai a gan ni can nesa ina ba da umarni. Da rani, in ruwan kogi ya ja baya yashi ya fito, mukan saci tsohon gidan sauron kakarsa mu tare ƙananan kifaye, mu gasa su a kan kara, mu ci da ƙonuwarsu da yashinsu. Da damina kuwa a ƙafa muke bin iyayenmu zuwa Dagumawa, inda gonar mahaifina da ta mahaifinsa suke maƙwabtaka, layin gamba ne kawai ya raba su.

Ba faɗa muka yi ba. Na ci jarabawa na tafi makarantar kwana, shi ya tsaya a aji shida ya kama fartanya. Daga nan aiki ya ɗauke ni, yau Lokoja, gobe Minna, har na ƙare a Kaduna na yi gida na tara iyali. Tun ina zuwa hutu muna zama, har ya koma ɗaga hannu daga cikin mota. Da mahaifina ya rasu ban sami jana'iza ba, zaman makoki na tarar. Ya zo ya durƙusa ya yi mini gaisuwa, na ba shi hannu idona yana kan mutanen ofishinmu da suka zo a mota biyu. Kafin in waiwayo ya tashi. Rabon da mu zauna mu yi hira irin ta mutane, in na lissafa, ya haura shekara talatin.

Gonar Dagumawa a kasona ta faɗo. Tun mahaifina yana da rai, da gwiwa ta hana shi sunkuyo, ya ba abokin nan nawa aronta, ni kuma na bar ta yadda na same ta. Aron gona a wajenmu yana da ƙa'ida, ba a rubuce take ba amma kowa ya san ta. Duk kaka mai aro zai kai wa mai gona dami ɗaya ko biyu. Ba kuɗin haya ba ne, shaida ce cewa bai manta mai ita ba. Sannan ba ya haƙa rijiya, ba ya gini, ba ya dasa itace. Gero da dawa shekara ɗaya suke yi su tafi, itace kuwa yana nan bayan wanda ya dasa shi ya mutu, kuma 'ya'yansa za su nuna shi su ce babanmu ne ya dasa. Gonaki da yawa ta nan suka bar hannun masu su. Damin nawa gidan Gwaggo ake kai shi, ƙanwar mahaifina, ita ce ta rage mana a garin. Ni ko tambayarsa ban taɓa yi ba.

Wata ranar Talata a cikin bazara, ina zaune bayan azahar, sai ɗan baffana ya kira ni. Yana sana'ar dillancin filaye a Wudil, idonsa yana kan kowace ƙasa da gari ya fara matsowa kusa da ita. Bayan mun gaisa ya ce, “Yaya, yaushe rabonka da gonar Dagumawa?”

Na ce an daɗe.

Ya ce, “To mutumin nan naka ya mayar da ita lambu. Mangwaro tara na ƙirga da idona, manya, kowanne ya yi inuwa. Ka dai san ma'anar wannan, ba sai na faɗa maka ba.”

Na sani kuwa. Nan take kaina ya ɗau zafi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a ce shi ne, wanda muka ci kifi ɗaya da shi. Ba ni da lambarsa, ban kuma nema ba. Ban kira Gwaggo ba. Na danna waya na yi saƙon murya na tura wa ɗan baffana, na ce ya isar. Har yau ina iya maimaita shi kalma bayan kalma, don na saurare shi daga baya fiye da sau ɗari. Na ce, “Ka gaya masa gonar ubana aro ce a hannunsa, ba gado ba. Wanda ya dasa abinsa ya san yadda zai yi da shi kafin in zo. Ni ba a yi mini cin amana ina kallo.”

Na zaci zai je ya same shi a gida ya faɗa masa da baki, ya rage wani abu a hanya kamar yadda kowane ɗan aike mai hankali yake yi. Shi kuwa sai ya tarar da shi a majalisar ƙofar masallaci bayan la'asar, ya ƙure sautin wayar ya kunna. Ba na ɗora masa laifin duka. Muryata ce, ba tasa ba.

Sai bayan mako biyu na samu na taho. Juma'a ce, ranar kasuwa, motocin shanu sun cushe gada, na fi rabin awa a tsaye ina kallon kogi yana ƙyalli a tsakanin yashi. A cikin motar nan ma shirya maganganu nake yi, in ya ce kaza in ce kaza. Gidan Gwaggo na fara sauka. Ta amsa gaisuwata tun daga gajiya har zuwa yara da jikoki, ba ta tsallake ko ɗaya ba, amma ba ta dube ni ba, tana ta tsintar wake a faifai. Da gaisuwa ta ƙare ta ce, “Mai murya, ka iso?”



Ta ce, “Tun da aka binne ubanka, kaka ba ta taɓa wucewa yaron nan bai ajiye dami biyu a ƙofar ɗakin nan ba. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, gonar ba ta yi abin kirki ba, daga rumbunsa ya ɗebo ya cika. Tuwon da kake ci in ka leƙo ni kana cewa ya fi na Kaduna, daga ina kake tsammani?”

Na ce, “Gwaggo, ba dami ake magana ba. Itace ya dasa.”

Ta ajiye faifan. “Ni na ce ya dasa. Kwazazzabon gabas ne ya fara cin gonar, duk damina sai ya gutsuri wani abu. Ya zo nan ya durƙusa inda kake zaune, ya ce in ba a riƙe ƙasar da saiwa ba, watarana sai dai a nuna maka rami a ce gonarka ce. Ya ce shi ba zai dasa ba sai da izinin mai ita. Na kira ka a waya na faɗa maka. Ka ce to Gwaggo, ba komai. Ina jin ka kana magana da wani a gefe.”

Na yi ta laluben wannan waya a kaina ban same ta ba. Amma na san “to Gwaggo, ba komai” ɗin nan, nawa ne, da shi nake rufe kowace magana tata in ina sauri. Kunya ta kama ni tun daga wuya. Na ce to me ya sa bai faɗa ba, me ya sa ke ba ki kira ni ba? Ta ce ita sai bayan kwana huɗu labari ya zo mata, a bakin mai kawo mata ruwa. Ta ɗauki faifanta ta ce, “Tashi ka je ka gani.”

Na bar motar a bakin titi na shiga a ƙafa. Hanyar ba ta ɓace mini ba, sai dai gidajen bulo da suka tsiro a inda da gonaki ne. Ina tafe ina neman kore daga nesa, don itace tara a cikin bazara ba ya ɓuya. Ban ga komai ba sai fili.

Kututture tara na tarar, a jere a bakin kwazazzabo, kowanne baƙi ƙirin, an tara masa kara an ƙona. An faskare itacen an jera shi a gefe, tsayinsa ya kai ƙirjina, manya a ƙasa ƙanana a sama. Awaki suna bin busassun ganye. Ƙananan 'ya'yan mangwaro da ba su ƙosa ba sun yanƙwane a ƙasa, ko'ina ka taka sai ka taka ɗaya. Kwazazzabon kuwa ya fi ƙarfin yadda na zata, zurfinsa zai shanye mutum a tsaye, kuma daidai inda saiwoyin suka riƙe nan ya tsaya.

Can a gonar da ke maƙwabtaka wani dattijo yana sharar gona, yana tara tushiyoyin dawa. Gemunsa fari fat, bayansa ya ɗan ranƙwafa. Da a kasuwa na gan shi da na wuce. Hannun da yake riƙe da manjagara na duba, na hagu ne. Ya ɗago ya gan ni, ya jingine manjagarar, ya goge hannu a riga, ya tako a hankali ya tsallako gamba.

Ya ce, “Alhaji, barka da zuwa. An zo lafiya? Ya hanya? Ya iyali?”

Mun gaisa gaisuwa mai tsawo, irin wadda ake yi da baƙon da ake girmamawa. Duk inda ya sa aya sai ya ce Alhaji. Mutumin da ya taɓa cire mini ƙaya a tafin ƙafa da haƙorinsa. Na so ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi.

Ya ce in ba zan damu ba mu zaga iyaka. Na bi shi kamar ɗan makaranta. Ya nuna mini gamba ta yamma, ya nuna dutsen da kakanninmu suka kafa a kusurwar arewa, ya tsuguna ya share ƙasar da ta rufe shi don in gani da kyau. Muka dawo wajen tarin itacen. Ya ce, “Wannan ma naka ne, ban ɗauki ko tsinke ba. 'Ya'yan da suka ƙosa na tsince su, suna zaure na rufe su da ciyawa, sun fara nuna. To ga amanarka, Alhaji. Bana sai a nemi wani.”

Na ce, “Gwaggo ta faɗa mini komai. Na yi kuskure, ka yafe mini. Amma don Allah me ya sa ba ka jira na zo ba?”

Ya ce, “Ai cewa ka yi kafin ka zo.”

“To ka aiko mana. Ka ce Gwaggo ce ta ba ka izini.”

Ya dubi kututturen ya ce, “'Ya'yana biyu suna wurin da aka kunna. Babban ya miƙe zai yi magana, na ce ya zauna. Da na dawo gida na yi tunani, sai na ga ba ƙarya ka yi ba duka. Gwaggo ta tsufa. Ni da kai ma mun kama hanya. In muka kau, nawa za su ce babansu ya dasa, naka za su ce an ci amanar babansu, kuma ba wanda ya san wani a cikinsu. Gara in sare da hannuna.”

Daga baya na ji cewa kwana uku ya yi yana saran, shi kaɗai, ya hana 'ya'yansa taɓa gatarin. Na tambaye shi dalilin ƙona kututturen. Ya ce mangwaro yana tohowa in aka bar shi, shi kuma ba ya son maganar ta dawo. Shekara goma sha biyu yana rainonsu. Shekarun farko da jarka yake ɗauko musu ruwa a kan keke duk rani, ya kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. Wannan ma ba shi ya faɗa mini ba, maƙwabcin gona ne.

Ya kai ni gidansa, don ba zai bar baƙo ya koma da ƙishirwa ba. Muka zauna a zaure, aka kawo fura. Ƙamshin mangwaron da ke ƙarƙashin ciyawa ya cika wurin, na ajiye ƙwaryar furar gefe. Na yi ta jawo zancen da, ko zai saki jiki. Na tuna masa gidan sauron kakarsa da dukan da muka sha a kansa. Ya yi murmushi ya ce Allah ya jiƙanta. Shi ke nan. Na roƙe shi ya ci gaba da noma gonar, ya ce ƙarfi ya ragu, tasa ma ta ishe shi. Da zan tafi ya sa aka loda mini mangwaron a bayan mota. Ban iya cewa a'a ba, ban kuma iya shan ko ɗaya ba, maƙwabta matata ta rabar wa.

A Kaduna na kasa sukuni. Matata ta gaji da juyina ta ce, “Kai a gaban mutane ka ci masa mutunci, sannan ka je ka ba shi haƙuri a bayan gari inda ba kowa sai awaki?” Na buɗe baki zan hau, sai na rufe.

Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, Gwaggo ta kira ni, wannan karon na saurara har ta gama. Ta ce kwazazzabo ya gutsuri gefe, kututture ɗaya ya rufta ciki. Washegari na kama hanya. Na yi la'asar a masallacin unguwarsu, da aka fito aka baje tabarmi na ƙi zama. Na ce jama'a, akwai muryar da aka kunna muku a nan kwanaki, tawa ce, kuma ga mai ita ya zo. Na faɗi yadda aka yi, da izinin Gwaggo, da wayar da ban saurara ba, da damin da bai taɓa fashi ba. Na ce wannan bawan Allah gonata ya tsare mini, ni kuma na saka masa da abin da kuka ji. Ɗan baffana yana gefe kansa a ƙasa. Abokina bai ɗago ba har na gama. Sai wani tsoho ya ce masa, “Malam, ka ji fa.” Ya ce, “Na ji. Allah ya yafe mana baki ɗaya.” Aka shafa.

Da mutane suka watse na sake yi masa maganar gonar. Ya ce zai noma, don bai kamata a bar ta ta kwana a damina ba. Na ce to kwazazzabon fa, sai an mayar da itatuwa. Ya ce, “Sai an mayar. Ka sayo, ka zo ka dasa.”

Na sayo dashen mangwaro goma sha biyu masu aure, a cikin baƙaƙen ledoji, na zo da su ranar Asabar da safe. Na ce zan ɗauki 'yan ƙwadago, ya ce a'a, mai gona shi ke dasawa, mutane su gani. Ya ara mini dagi da shebur. Rabona da haƙa rami tun ina saurayi. Kafin in gama na biyu tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu, rigata ta jiƙe, numfashina yana fita da ƙara. Yana tsaye a kaina yana ba da umarni, ƙara zurfi, ware ƙasar sama daban, ba a nan ba, matsa taku biyu.

A rami na huɗu na ɗaga dagin na sauke, ya goce ya kusa sauka a kan yatsana, na yi tsalle na zauna daɓas a cikin taɓo. Sai na ji dariya, irin tasa ta da, wadda ba ta da sauti sai kafaɗa ke rawa. Ya ce, “Kai dai har yanzu ba ka da hannu. Tumbi kawai ka je ka tara. Tashi, ragon banza, rana tana yi.”

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na fake da gumi na goge. Na ce ai gara ni, wani har ya tsufa bai san hannun dama ba. Muka yi ta yi, ina haƙa yana tsiya, ya tambaye ni 'ya'yana nawa, na tambaye shi nasa, ya ba ni labarin rasuwar mahaifiyarsa da ban ma ji ba. Ya ɗebo taki daga nasa ya zuba mini a gefen kowane rami. Ya je ya saro ƙaya ya jawo. Da azahar ta yi muka yi salla a kan buhu, shi ya ja mu.

Da aka zo sa dashen, na yage ledar farko na saka shi a rami, sai ya karkace. Ina buƙatar hannu biyu in tura ƙasa. Na ce masa, “Riƙe mini nan ya miƙe.”

Ya matso har ya sunkuya. Sai ya tsaya, ya miƙe, ya mayar da hannayensa biyu baya ya harɗe su.

Ya ce, “Jingina shi da gwiwarka, zai tsaya.”

Na dube shi. Ba fushi a fuskarsa, murmushin ma bai gama gushewa ba. Na jingina dashen da gwiwata na tura ƙasar. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya har goma sha biyu, yana gefena yana nuna mini da baki, hannunsa a baya.